Fim ɗin da muka cire daga jeri

Mu uku ne muka haɗu muka rubuta wannan, amma labarin na mutum huɗu ne. Na huɗun shi ne Dogo, kuma ba ya garin nan yanzu. A makaranta ana ce mana 'yan benci ɗaya, domin tun aji ɗaya na sakandare wuri guda muke zama: Dogo, da Ma'aji mai riƙe mana kuɗin karo-karo, da Sarkin Musu, da Auta wanda duk muka girme shi da shekara guda. Sunayenmu na yanka kuwa a bar su, waɗanda suka san mu sun riga sun gane.

A dogon hutun da ya wuce, muna shirin shiga aji shida, Dogo ya zo lesin wata Laraba ya ce an yi wa babansa canjin wurin aiki zuwa Fatakwal, ranar Asabar ta sama za su tashi. Kwana 10 ke nan. Muka yi tsuru-tsuru. Kafin wani ya buɗe baki ya ce, "Ku bar zancen tafiya. Saura alkawarinmu."

Alkawarin shi ne kallon Avengers: Endgame tare. Lokacin da fim ɗin ya fito, a watan Afrilu na 2019, muna firamare. Shi ne fim na 22 a jerin finafinan jaruman kamfanin Marvel na Amurka, jerin da ya fara da Iron Man a 2008, kuma shi ne ya rufe labarin da aka shafe shekara 11 ana ginawa. Dogo ya kalli guda 21 da suka gabace shi a laftof ɗin yayansa, wasu ma sau biyu, amma ya ƙi taɓa na 22 sai muna wurin. Ba wai bai san ƙarshen ba. Duk wanda ya taɓa riƙe waya ya san jarumin da zai mutu, gutsattsarin bidiyo sun daɗe da tona asiri. Mai karatu da bai kalla ba, kuma yake son ya shiga da idonsa a rufe, gara ya ninke wannan shafi ya ajiye, don mu ma za mu tona.

Matsalar ita ce mu ukun ba mu shirya ba. Ma'aji da Sarkin Musu sun tsinci wasu nan da can, ba bisa tsari ba. Auta kuwa Black Panther kaɗai ya sani, shi ma saboda shekarar da ya fito babu gidan da ba a yi zancen Wakanda ba.

Muka je wurin mai laftof, wanda ya dawo hutu daga jami'a. Muka gaishe shi har ƙasa, abin da ba mu saba ba, shi ya sa ya gane da wata a ƙasa.

"Yaya, alfarma muka zo nema."

"Na sani. Daga la'asar zuwa magariba, a zaure. Da an kira salla a rufe. Wanda ya ɗiga mini ruwan leda a kai, ya ja wa kowa."

Da safe muna lesin, da dare kowa yana gidansu. Tsakanin la'asar da magariba kuwa awa biyu da rabi ne, in an yi sa'a. Ma'aji ya zaro biro ya buɗe bayan littafin lissafi. Finafinai 21, in aka haɗa tsawonsu, sun kusa awa 45. Endgame shi kaɗai awa 3 ne da minti 1, ba zai shiga yamma ɗaya ba, sai muka ba shi safiyar Juma'ar ƙarshe da babu lesin. Daga Alhamis zuwa Alhamis yamma 8 ce. Ke nan fim 8 za su shiga, 13 su zauna a waje. Nan aka fara rigima.

Ma'aji ya ce a bi duwatsu. Hujjarsa tana da ƙarfi a takarda: duk labarin a kan duwatsu 6 yake, waɗanda bos ɗin, Thanos, ke tarawa a safar hannunsa ta ƙarfe. Na sarari yana cikin akwatin nan mai shuɗin haske da aka fara gani sosai a Captain America: The First Avenger. Na hankali yana cikin sandar Loki a The Avengers, daga baya ya koma goshin Vision. Na ƙarfi yana Guardians of the Galaxy, na lokaci yana wuyan Doctor Strange, na gaskiyar abubuwa yana Thor: The Dark World, na rai kuma sai a Infinity War ya bayyana. A cewarsa, wanda ya san inda kowane dutse ya fito ba zai ɓace ba. Sarkin Musu ya ce wannan karatun jarrabawa ne, ba kallo ba. Shi a wurinsa a duba intanet, a ɗauki takwas da aka fi yabo, a huta.

Dogo ya bar su suka gaji. Sannan ya tsinto marafan kwalba shida daga ƙasa ya jera a gaban Auta. Ya ce wannan na kaza ne, yana yin kaza, an same shi wuri kaza. Cikin minti 5 ya gama. Ya ce Auta ya maimaita, Auta ya maimaita babu kuskure ko ɗaya.

"To, mutumina," in ji Dogo yana duban Ma'aji, "duwatsu sun ƙare. Yanzu ka gaya masa me ya sa Tony Stark ya riƙe waya a hannu a Infinity War, duniya tana shirin tashi, amma ya kasa kiran Steve Rogers."

Ma'aji ya ce ai faɗa suka yi. Auta ya ce, "To, ba sai su shirya ba?" Muka kwashe da dariya, shi ma Ma'aji ya ajiye biro. Abin da Dogo yake nufi ya fito fili. Bayani ana iya ba mutum a tsaye a bakin titi. Amma ka damu da wani har ka ji zafin rabuwa da shi, wannan sai ka zauna da shi awa biyu ka ga abin da ya same shi. Fim na ƙarshe ban kwana ne, kuma ba a yin ban kwana da wanda ba a sani ba. Muka amince a bi mutane, a bar duwatsu.

Da wannan ma'auni guda bakwai suka shiga ba gardama. Iron Man na 2008, don a ga Tony tun yana attajirin maƙerin makamai mai girman kai, kafin a kama shi a Afganistan ya ƙera sulkensa na farko a cikin kogo. The First Avenger na 2011, don a ga Steve tun yana ƙanjamammen yaron da soja suka yi ta korowa. The Avengers na 2012, inda aka fara haɗa su. The Winter Soldier da Guardians of the Galaxy, duka na 2014. Civil War na 2016. Sai Infinity War na 2018, wanda shi tilas ne, Endgame ci gabansa ne kai tsaye. The Incredible Hulk ya fita babu mai kare shi, ko ɗan wasan ma an sauya, Edward Norton ne a ciki amma Mark Ruffalo ne ya ci gaba. Captain Marvel, wanda labarinsa ya faru a 1995, shi ma ya fita. Iron Man na biyu da na uku, Spider-Man, Ant-Man, Guardians na biyu, duk muka yi musu sallama.

Kujera ta takwas ce ta ja mana. Dole a sa fim ɗin Thor guda ɗaya, tunda yana cikin manyan ukun. Sarkin Musu ya ce Ragnarok na 2017, ai kowa ya san shi ne mai ban dariya, kuma inda ya ƙare nan Infinity War ya ɗora. Dogo ya ce shi The Dark World na 2013 yake so.

Sarkin Musu ya miƙe tsaye. Ya ce a duk jerin da ya gani a intanet wannan fim yana can ƙasa, an ce bos ɗinsa ba shi da armashi, an ce duhu ne kawai da hayaniya. Mu lura, shi bai taɓa kallonsa ba, mu ma haka. Ma'aji ya ƙara da cewa amfaninsa ɗaya shi ne jan dutsen nan, kuma ai an gama da shi a marfin kwalba. Wato muka ɗauki sandar Dogo muka doke shi da ita. Muka tambaye shi dalili, ya ce, "Kawai ina son sa." Aka ɗaga hannu, uku da ɗaya. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ba komai. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma ranar babu wanda ya dubi fuskarsa, muna ta murnar mun ci zaɓe.

Kwanakin kallon sun yi daɗi fiye da yadda za mu iya rubutawa. Batirin laftof ɗin ba ya kai awa biyu, wuta kuma sai ta ga dama, don haka kuɗin karo-karonmu duk a man ƙaramin janareta suka ƙare. Ranar Iron Man aka kira salla daidai lokacin da Tony ya tsaya gaban 'yan jarida, sai da muka dawo daga masallaci muka roƙi Yaya minti biyu, muka ga ya ajiye takardar ƙaryar da aka rubuta masa ya faɗa wa duniya shi ne mai sulken. Dogo ya ce mu riƙe wannan wuri da kyau.

Auta ya kamu ne a rana ta biyu. Akwai inda ake horar da sababbin sojoji, wani hafsa ya jefa gurneti tsakiyarsu don gwaji. Ƙartin duk suka watse, Steve mai kamar a hure shi ya faɗi ya kwanta a kan gurnetin yana cewa kowa ya matsa. Bai san na bogi ba ne. Auta, wanda shi ne mafi ƙanƙanta a ajinmu kuma ya sha tsokana a kan haka, bai ce komai ba, amma daga ranar ya daina taɓa waya in ana kallo. Da fim ɗin ya zo ƙarshe, Steve ya kifar da jirgi cikin ƙanƙara yana yi wa Peggy Carter alkawarin rawa ta rediyo, ya farka bayan kusan shekara 70, sai Auta ya ce, "Shi ke nan ba su yi rawar ba?" Dogo ya yi murmushi kawai.

In za mu ba wani shawara a kan guda ɗaya da kada ya kuskura ya tsallake, The Winter Soldier ne. A nan ne Steve ya gano hukumar da yake yi wa aiki maƙiya sun cinye ta daga ciki, kuma makashin da ke farautarsa amininsa ne na yarinta, Bucky, wanda aka wanke wa ƙwaƙwalwa. Akwai faɗan da aka yi a cikin lif, ɗakin nan da ke hawa da mutane bene, shi kaɗai da ƙarti cike da wurin. Sau uku muka mayar da shi baya. Kuma sai da wannan fim ne Civil War ke yin ma'ana, domin a can ne Tony ya ga bidiyon da ya nuna Bucky ne ya kashe iyayensa a 1991, kuma Steve ya san wani abu ya ɓoye masa. Ranar mun rabu biyu. Ma'aji da Sarkin Musu suna bayan Tony, Auta yana bayan Steve, har muka kai bakin titi ana musu. Babu wanda ya sake cewa "ba sai su shirya ba".

Ragnarok ya ba mu dariya kamar yadda aka yi alkawari, ba za mu yi masa ƙarya ba. Thor ya rasa mahaifinsa, ya rasa gudumarsa, ya rasa ido ɗaya, ya rasa garinsu Asgard, amma duk cikin raha ake ba da labarin. Sarkin Musu ya yi ta zungurin Dogo yana cewa, "Ka gani ko?" Dogo ya ce ya gani. Washegari Infinity War, minti 149, da ƙyar ya shiga tsakanin sallolin biyu. Thanos ya ƙyasta yatsu, rabin masu rai suka zama ƙura, har da T'Challa na Wakanda. Auta ya ce wannan zalunci ne, a kunna na gaba yanzu. Maimakon haka Dogo ya buɗe Ant-Man and the Wasp ya ja shi har ƙarshe, tsakiyar jerin sunayen ma'aikata, ya nuna mana ɗan guntun da Scott Lang ya maƙale a wata duniya ta ƙananan abubuwa bayan waɗanda za su fito da shi sun zama ƙura. Minti biyu ne, kuma ya wadatar. Wannan dabara muna ba kowa ita kyauta.

Safiyar Juma'a muka hallara tun ƙarfe takwas da rabi. Zauren cike yake da katan-katan da buhunan kaya, a kansu muka zauna. Endgame ya biya mu wahalarmu. Da jaruman suka koma baya cikin lokaci don ɗauko duwatsun, sai ga mu a New York ta 2012, wurin da muka sani. Sai ga Steve ya sake shiga lif da ƙartin nan, muka gyara zama muna jiran faɗa, shi kuwa ya raɗa wa ɗaya magana a kunne ya fito da jakar salin-alin. Wanda bai ga The Winter Soldier ba zai ga mutum ya shiga ya fita ne kawai. Mu kuwa ihu muka yi har Anti ta leƙo.

Akwai wuraren da muka ji giɓi. Fim ɗin ya buɗe da Clint Barton da iyalinsa a gona, mu ba mu san ma yana da iyali ba, a Age of Ultron aka nuna su. Haka lokacin da Steve ya ɗaga gudumar Thor, mun yi murna, amma ta Dogo ta ninka tamu, don shi ya ga ranar da suka yi gasar ɗaga ta a wancan fim, ta ɗan motsa a hannun Steve, fuskar Thor ta canza. Waɗannan ƙananan asara ne, mun san za a yi su tun da muka yanke 13.

Babbar ta zo ne a tsakiya. Thor, wanda baƙin ciki ya mayar da shi mai tumbi da ƙazamin gemu, an tura shi Asgard ta 2013 tare da Rocket don ɗauko jan dutsen. Yana laɓe a bayan ginshiƙi sai ya hango wata mata tana wucewa, jikinsa ya ɗauki rawa, ya ce wa Rocket mahaifiyarsa ce, kuma yau ne za a kashe ta. Mu ukun muka dubi juna. Ba mu san ta ba. Ba mu san sunanta Frigga ba, ba mu san yadda ta mutu ba. Ta gane shi duk da ƙibar, ta gane daga gaba ya zo kuma gaban ba ta yi masa daɗi ba. Ta zaunar da shi ta saurare shi. Ya so ya gaya mata abin da zai same ta, ta hana shi. Da zai tafi har ta yi masa faɗan ya riƙa cin ganye.

Sarkin Musu ya fara dariyar maganar ganyen, ya juya don ya zunguri Dogo, sai hannunsa ya tsaya a iska. Dogo ya ja hularsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna motsi. Ma'aji ya miƙa hannu ya tsayar da fim ɗin. Babu abin da ake ji sai ƙarar janareta.

Muna aji biyu mahaifiyar Dogo ta rasu. Mun je gaisuwa da kayan makaranta a jikinmu, mun zauna a wannan zaure, mun kasa cewa komai sai "Allah ya jiƙanta". Bayan mako guda ya dawo aji, bai sake tayar da zancen ba, mu ma muka bi shi a haka, har muka saba da Anti kamar dama ita ce a gidan. Shekara huɗu muna benci ɗaya da shi.

Bayan ɗan lokaci ya share fuska ya ce, "Wallahi ban san za su dawo da ita ba." Ya danna da kansa aka ci gaba. Mun ga sauran. Mun ga Tony ya maimaita maganar da ya yi gaban 'yan jarida kafin ya ƙyasta yatsunsa, mun gane dalilin da Dogo ya ce mu riƙe ta. Mun ga wani saurayi tsaye shi kaɗai a wurin jana'iza, Dogo ya ce yaron Iron Man 3 ne ya girma. Mun ga Steve ya koma ya yi rawarsa da Peggy, Auta ya buga katan ya ce, "Yawwa!" Amma a hanyar masallacin Juma'a babu wanda ya yi zancen ko ɗaya daga ciki.

Yammar ranar an ware ta ne don ɗaure kaya. Sarkin Musu ne ya je wurin Yaya, shi kaɗai.

"Yaya, a ƙara mana yamma ɗaya."

"Ba kun gama ba?"

"Saura ɗaya. Ni na cire shi."

Ma'aji ya zazzage abin da ya rage a gwangwani aka sayo mai. Muka ɗaure kaya da sauri, la'asar na yi muka kunna The Dark World. Gaskiya ita ce, masu suka ba su yi ƙarya duka ba. Bos ɗin, Malekith, har yanzu ba mu gane me ke damunsa ba, kuma akwai wuraren da Auta ya yi hamma. Amma akwai Frigga, ta ɗauki takobi ta tsaya tsakanin maƙiya da Jane Foster, baƙuwar da ɗanta ya kawo gida, ta ƙi faɗin inda ta ɓoye ta har aka soke ta. Thor ya iso a makare da daƙiƙa kaɗan. Aka sa gawarta a jirgin ruwa da dare, aka harba masa kibiya mai wuta, mutanen gari suka saki fitilu sama, babu mai magana. Sannan aka nuna Loki a kurkuku, tsaf da shi cikin kyakkyawan ɗaki, yana magana kamar babu abin da ya dame shi. Thor ya ce ya daina rufa-ido. Sai hoton ya washe, ga ɗakin a farfashe, ga Loki zaune a ƙasa, gashi a hargitse, ƙafa tana jini.

"Wannan wurin," in ji Dogo, bai ɗauke ido daga allon ba. "Shi nake so ku gani."

Ba mu kai ƙarshe ba. Man ya ƙare, batirin ya ja mu ɗan lokaci, saura kamar minti 20 allon ya yi baƙi. Dogo ya ce ba komai, ƙarshen ba shi da wani daɗi, Thor ne ya ci. Muka zauna a kan katan-katan ɗin, ya ba mu labarin yadda mamarsa take ɓoye masa ƙanzo a ƙasan tukunya don kada yayyensa su riga shi, da yadda take kiransa da wani suna da ba za mu rubuta a nan ba. Bai taɓa gaya mana ba. Har aka kira magariba yana magana, kuma ranar Yaya bai zo karɓar laftof ba sai bayan isha'i.

Da asuba motarsu ta tashi. Marafan kwalban shida suna wurin Auta, a cikin gwangwanin Ma'aji da babu ko sisi a ciki. Dogo ya turo saƙo daga Fatakwal ya ce ruwan sama ba ya tsayawa a can, kuma in an yi hutun ƙarshen zango zai zo da Age of Ultron, kada wanda ya kalla kafin nan.